Baba Jibirin da Yaƙin Rina

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Baba Jibirin a Dar Salam, can bayan Omdurman, saboda haka duk abin da zan faɗa a kunnena aka yi shi. Kafin yaƙi ne, lokacin da ƙarar bindigarsa dariya take ba mutane.

Baba Jibirin mutumin Jazira ne. Ya tsinci auduga yana yaro, ya noma dawa, daga baya ya zama mai gadin sito, har ya mallaki wata tsohuwar libarba da izinin hukuma. Da ƙarfi ya ja baya sai ya dawo birni, ya gina ɗakunan laka, ya kafa rumfar zana a jikin katangarmu. Gajere ne, ga saurin fushi ga saurin dariya, kuma ban taɓa jin ya ce "ban iya ba".

Rina ce ta sa shi a gaba. Ta cika rufin rumfar da gidaje, ran nan ta harbi jikarsa Duha a fatar ido, fuskar yarinya ta kumbura kamar fanke. Uwarta Sulafa, 'yar Baba, ta saɓe ta sai gidanta na Kalakla.

"Wallahi Baba, ba zan sake kawo ta ba sai babu rina ko ɗaya a gidan nan. Kalas, magana ta ƙare!"

Tsohon nan har ramewa ya yi, don Duha kaɗai ke sauraren labaransa har ƙarshe. Wuta ba ta yiwuwa a rumfar zana, maganin feshi kuma yana tayar wa matarsa Khadiga da asma. Sai ya tuna da libarba.

Ya baje kwanson harsasai a tabarma, yana ɗura musu ɗan albarushi, a maimakon dalma kuma ƙwayar dawa, don kada ya ji wa kowa rauni. Khadiga ta ce, "Malam, ɗebi surfaffiyar da nake tuwo da ita mana."

"Wannan tsakin? Haba Hajja! Ni manomi, in harba abin kunya?"

Ya kwance ƙunshin irin da ya zo da shi daga Jazira, ya zaɓi manya-manya.

Daga nan unguwa ta samu sinima kyauta. Da la'asar zai ɗaura rawani har hanci, ya rufe ido ɗaya, sai ka ji faf! In rina ta faɗo ya yi tsalle yana juyi, jallabiya na tashi, maza riƙe da kofunan shayi suna ihu, "Sake, ya Hajj!" In ya samu ɗaya ya kuskure goma, duk dawar kuma cikin katangarmu take nutsewa. Na yi masifa ta saman katanga har muryata ta dishe. Amsarsa kullum, "Lami, sunkuya!"

Sai damina ta sauka. Wata safiya na fito da buta, na tarar katanga ta yi kore shar, dawa ta tsiro daga sama har ƙasa. Mutane har a raksha, wato babur mai ƙafa uku, suke zuwa ɗaukar hoto, shi kuwa yana tsaye yana washe baki yana cewa, "Kun ga iri? Ko a bango sai ya fito!" Ya hana ni tuge ko ɗaya.

Bayan mutane sai awaki. Saiwa ta riga ta tsattsaga lakar, ruwa ya jiƙa ta, ga awakin unguwa sun ɗora ƙafafu suna kiwo. Da hantsi muka ji rim! Katanga ta kwanta a kan randata da murhuna, ta ja rumfar gaba ɗaya. Rina ta tashi baƙi ƙirin, ta harbi bunsuru, ta harbe ni a dantse, ta harbi Baba a hanci, sannan ta bar gidan ko waiwaye babu.

Na fito da muciya, na rantse yau sai ya ji a jikinsa. Na same shi zaune a kan tarin laka, hanci ya zama tumatir, waya a kunne, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Sulafa, babu rumfa, babu katanga, babu rina. Ki kawo mini ita yau, don Allah. Yau."

Sai tausayinsa ya kama ni. Na ajiye muciyar na ce, "Baba, tashi mu share hanya kada yarinyar ta yi tuntuɓe."