Baban Sithabile Bai Haye Kafue Ba

MaSiziba matar yayan babana ce, kuma duk garinmu Tsholotsho ba wanda bai san bakinta ba. Shekara arba'in da ɗaya tana gina tukwane, tana surutu tun daga ɗiban yumɓu har kasuwa. Mijinta Tshuma, mai yi wa shanun gari wankan magani, sai ya wuni bai ce uffan ba. Ita ke yi musu magana su biyun.

Da ya rasu, fari ya gama da shanun, hannunta kuma ya fara rawa. 'Yarta Sithabile, da ke aure a Kitwe can Zambiya, ta aiko cewa ta tattaro ta koma wurinta gaba ɗaya. Ta yarda, amma ta ce ba za ta bar mijinta shi kaɗai a kango ba.

A wurinmu, in za a tashi da mamaci, reshen magaryar kura ake yankowa, a ja shi kan kabarin, a kira sunansa ya hau. Mai riƙe da reshen ba ya magana da kowa sai mamacin har a isa gida. Kuma duk kogin da za a haye sai an faɗa masa, in ba haka ba a bakin ruwan zai tsaya.

Ni, Nomvelo, aka ɗora wa rakiya in zama bakinta. Ni da ko kare ba na iya yi wa haƙuri!

Kujera uku ta sa na kama a bas, ɗaya ta mamacin. Kafin mu kai Bulawayo mota ta cika maƙil, wani ƙato ya tsaya a kaina.

"Baiwar Allah, ɗauke ƙayar nan in zauna."

"Da mutum a wurin."

"Ina mutumin? Ko ni ne makaho?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Kai, ba ku da manya a gidanku ne?" Ya sake duban reshen, ya cire hularsa, ya yi tafiyarsa a tsaye.

Ita kuwa bakinta bai huta ba. "Baban Sithabile, ga kogin Gwayi, za mu haye. Baban Sithabile, taya ce ta fashe, kada ka sauka." Ni ko kallo ban ishe ta ba. In tana son ruwa sai ta zungure ni da gwiwar hannu.

A gadar Zambezi ma'aikacin kan iyaka ya yi mata tambaya uku, ni ke amsawa. Ya ce, "Kurma ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka san ta, da ka gode wa Allah da ka same ta yau."

A Livingstone muka kwana biyu a tasha muna jiran jirgin ƙasa. Da ya zo kuma, tafiya yake kamar mai ciwon baya, ya tsaya a dawa ba dalili, ya ja, ya sake tsayawa. Gurasarmu ta ƙare, muka koma gyaɗa da rake ta taga. Ƙafafunmu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na gaji, wallahi na gaji, har na fara jin haushin mutumin da ya riga ya mutu. MaSiziba kuwa ba ta yarda ta runtsa ba, don tsoron kada a wuce ruwa. Ko ƙorama ta gani sai ta faɗa.

Rana ta biyar da hantsi, bayan Mazabuka, barci ya kayar da ita. Kanta ya faɗo kafaɗata, baki buɗe. Can na hango kogin Kafue, faɗi kamar ba iyaka. Na ɗaga hannu zan tashe ta, sai na ga fuskarta, na ga yadda ta zabge. Tausayi ya kama ni, na ce haba, wa zai sani? Jirgi ya hau gada ya sauka, na kawar da kai.

Hayaniyar Lusaka ce ta tashe ta. Ta leƙa taga, ta ga gine-gine, ta juyo ta dube ni. Ban iya haɗa ido da ita ba. Ta ɗauki reshen ta juya shi a hannu, ba ta ce masa komai ba. Sai na ji muryarta, da ni take, karon farko tun daga gida:

"Nomvelo, sauke kayan."

Tunda har ta yi mini magana, ta san ba kowa a kan reshen.

"Mama, don Allah! Sithabile na jira a Kitwe. Ƙafarki fa?"

"Sithabile ta san hanyar gidanta. Shi wa ya sani a ƙasar nan? Ko yarensu ba ya ji."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka ja buhuna zuwa tashar mota, muka shiga ƙaramar bas muka koma baya, muka haye gadar mota zuwa wancan gefen. Daga nan a ƙasa muka bi gaɓa cikin rana, tana ɗingishi ina binta da kaya, har inda gadar jirgin take.

Ta durƙusa da ƙyar, ta ja reshen a kan taɓo.

"Baban Sithabile, ni ce. Barci ne ya sace ni, ba barinka na yi ba. Ka sha rana ko? Taso mu tafi."

Muka zauna. Masunta suka wuce suna kallonmu. Inuwa ta juya, yunwa na cina, ba ta motsa ba. Can ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta.

Na ce, "Mama, ya hau?"

Ba ta amsa mini ba, sai dai ta zungure ni da gwiwar hannu.