Takalman Bunduƙiyya

Har yau ban manta da ranar da maigidana ya rataya mini kyamara a wuya a ƙasar Italiya ba. Ku da kuka zo Riyad jiya-jiya kuna ganina ran Juma'a ina ɗaukar ku hoto a gaban ganuwar Masmak, kuna cewa Baba Lawali ya iya. To ku ji yadda aka yi na iya, don ba cikin daɗi na koya ba.

Lokacin hutun makaranta ne na 2014, ina direba a gidan wani Balarabe da ake ce wa Abu Nasir. Shi ne kafil ɗina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana, take hannunsa: in ya sabunta ina nan, in ya ƙi sai Maraɗi. Ma'aikatan gidan hawa-hawa ne. Mai gona shi ne can ƙasa, sai mai gadi, sai direban cefane, sannan direban iyali mai kai Madam da 'yan mata makaranta da kasuwa. Ni daga gona na faro. Shekaru na yi cikin hamada, daga ni sai tumaki sai wani janareta mai tari. Da ƙyar na hau kujerar direban iyali, mota mai sanyi, kuma ba ni da niyyar sauka.

Ranar da aka ba ni makulli, doka ɗaya aka nanata mini: ba a kallon matan gidan. Madubin tsakiya ma an karkatar da shi sama. Madam ta yi magana, ka ce "hadir", wato "to, an gama", idonka a ƙasa. Na riƙe dokar har ta zame mini jiki. Da takalmi nake gane wace ce ta shigo mota.

Sai aka ce bana za a je Bunduƙiyya, kuma da ni. Na ce wa mai gadinmu, wani ɗan Damagaram, "Garin bindiga za su kai ni?"

Ya ce, "Kai dai baƙauye ne, Lawali. Venis ake nufi, Larabawa ne ke kiransa haka."

Shi da ko kasuwar Utaiƙa ta nan Riyad ba ya iya zuwa sai an raka shi.

Muka tashi daga filin jirgin Sarki Khalid, ina ta tunanin yadda zan yi tuƙi a ƙasar Turawa. Ashe ba wanda ya yi tunanin cewa garin ba shi da titi. Titinsu ruwa, tasinsu kwalekwale. Abu Nasir ya dubi ruwa, ya dube ni, kamar ni na malalo shi.

"Ya Muhammad," don kowane ma'aikaci Muhammad ne a wurinsa, "na biya maka jirgi, ga shi ba mota. To ga aiki." Ya rataya mini kyamara. "Danna nan. Halas, shi ke nan."

Karatun da aka yi mini ke nan gaba ɗaya.

Ga inda matsalar take. Muna sauka, Madam da 'yan matan suka cire niƙabi. Za su jeru a kan gada, su ce "yalla, sawwir", wato maza ɗauka, in ɗaga kyamara zan kai ta ido, sai kaina ya sunkuya da kansa, hannu ya bi shi. In danna. Haka muka wuni, daga babban filin nan mai tattabaru zuwa lunguna, ina ta dannawa, suna ta murmushi.

Bayan magariba maigida ya kira ni ɗakinsa a otal, ya kunna kyamara. Hoton farko takalma. Na biyu takalma da tattabara. Na uku gefen abaya da dutsen daɓe. Gini mai shekaru ɗaruruwa a bayansu, ni kuwa na ɗauko magudanar ruwa. Ina jin 'yan matan a ɗaya ɗakin suna dariya har da shiɗewa. Madam ce ba ta yi dariya ba, don ƙawayenta na Riyad suna jiran hotuna.

Ya ce, "Ya Muhammad, Italiya na kawo ka ko shagon takalma?"

Na ce, "Ɗal umrak," wato ranka ya daɗe, "ku kuka ce kar in kalla."

"Kar ka kalla, amma ka ɗauka!"

Ku ji fa. Sannan ya ƙara da cewa in ya sake ganin takalmi gobe, muna sauka Riyad sai gona, ɗan Filifin ɗin nan mai cefane ya iya mota, ya iya hoto. Wallahi nan take na ji warin tumaki a hancina.

Da na yi sallar asuba na ɗauki kyamara na fita bakin ruwa, in gwada da tattabaru, su ba a hana ni kallonsu ba. Sai na ga wata tsohuwar Baturiya, gashi fari fat, tana ɗaukar hoto amma kyamararta a ciki take riƙe da ita, kanta a sunkuye kamar mai jin kunyar suruki. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Ta gan ni, ta yafito ni. Ba ta jin Larabci, ba na jin nata. Na nuna mata aikina na jiya. Ta yi dariya har ta dafa bango. Na nuna wata mata da ke wucewa, na rufe idona da hannu, na girgiza kai. Ta gyaɗa kai. Can sai ta karɓi kyamarata, ta sa farce a bayan ɗan gilashin da hoto ke fitowa, ta ɗago shi ya kalli sama. Ashe yana buɗewa. Ta saukar da kyamarar daidai ƙirjina, ta danna kaina ƙasa. Ga coci, ga ruwa, ga kwalekwale, duk a tafin hannuna, kaina kuwa a sunkuye.

Ba ta bar ni nan ba. Ta kama kafaɗata ta juya ni rana ta koma bayana, fuskokin mutane suka daina fitowa baƙi ƙirin. Ta nuna mini in daidaita bakin ruwa ya kwanta sak, ba kamar zai zube gefe guda ba. Ta nuna mini in ajiye mutum a gefe in bar wa gini wuri. In na yi saurin dannawa sai ta buge mini hannu: jira mutane su wuce tukuna. Ko sunanta ban sani ba. Na miƙa mata dabinon da ke aljihuna, ta ɗauki guda, ta yi gaba.

Ranar nan na yi aiki. Kai a ƙasa, kyamara a ƙirji. Madam tana ganin ladabi, ni ina ganin komai a gilashi. Daga baya na tambayi wani ɗalibi ɗan Kano ko kallon gilashi kallo ne. Ya ce mas'alar tana da tsawo. Na ce ya riƙe ta, ba sauri nake ba.

Da muka dawo Riyad, maigida ya zaɓi hotunan gine-gine da ruwa ya sa a talabijin ɗin majalisa, ɗakin baƙinsa, abokansa suna ta "masha Allah". Ina tsaye ina zuba musu gahawa. Wani ya ce wa ya ɗauka? Abu Nasir ya ce, "Kyamarar ce mai kyau, 'yar Jafan ce."

Na ci gaba da zuba gahawa. Makullin motar yana aljihuna, ɗan Filifin yana kasuwa yana cinikin albasa.

Abin da na koya shi ne, a aikin gidan mutane za a ba ka umarni biyu masu karo da juna, kuma ba wanda zai warware maka su. Kai za ka nemi inda gilashin ke buɗewa. In ya yi kyau na kyamara ne, in ya ɓaci naka ne.

Matata Hadiza ta bugo waya daga Maraɗi, ta ce, "Malam, ka ce ka je Italiya, turo mana hotonka mu gani." Na duba kaf, ba wanda ya ce in tsaya a ɗauke ni. Sai a cikin na ranar farko na samu guda ɗaya, ƙafata ta hagu a gefe, kusa da tattabara. Shi na tura mata.

Ta ce ta gane takalmin.