Wuƙar Ragon Suna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba shi da suna a bakin ubansa. Mu Fulanin gida ne. Kakana ne ya shigo cikin ganuwar Bauchi ya zauna, ya bar shanu a hannun 'yan'uwa can wajen Gubi, amma kunyar da ya shigo da ita ba ta ragu ko kaɗan ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baffa, wato mahaifina, ya kira ni ba, ban kuma taɓa kama shi yana duban fuskata ba. In yana da magana da ni, sai ya faɗa wa Goggo, ƙanwarsa da ke zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, ko da kuwa ina durƙushe a gabansa. Ya ce a gaya wa wancan ya rufe ƙofar zaure, Goggo ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba. Mutane suna cewa ai wannan ƙauna ce ta ɓoye. To, ni dai na girma ina neman inda aka ɓoye ta, kuma ba abin da nake so a duniya kamar in ji ya yaba wani abu nawa ko sau ɗaya.

A 'yan shekarun nan kafin a sami 'yancin kai ina aikin buga tafireta a wani ofishi can wajen unguwar Turawa. Kullum da safe in hau keke in fita ta ƙofar gari, in zauna in yi ta buga wasiƙun da ba ni na tsara ba, zuwa ga mutanen da ban sani ba. Da yamma in tashi hannuna fes, ba abin da zan ɗaga in ce yau ga abin da na yi.

Wata ran Asabar fedar kekena ta karye daidai unguwar maƙera. Na tura shi zuwa wata rumfa mai baƙin rufi, inda na tarar da wani tsoho shi kaɗai yana gyangyaɗi a gaban wutar da ta kusa mutuwa. 'Ya'yansa duk sun bi manyan motoci, ba mai yi masa zuga. Ya dubi farar rigata, ya dubi keken, ya ce in ina son in hau shi yau, to sai in kama zugazugi. Na naɗe hannun riga na zauna a bayan fatun awaki biyu na zugazugin, in danna na dama in ɗaga na hagu.

Har yanzu ban san yadda zan bayyana abin da ya same ni a wannan zama ba. Hasken rana yana zubowa ta hujin rufi siriri-siriri, hayaƙi yana yawo a cikinsa ba ya sauri. Wutar tana numfashi daidai da hannuna. Ƙarfe ya shiga baƙi, ya yi ja, ya koma launin manja, har ya fara fari yana tofar da tartsatsi. Hayaniyar gari ta yi nisa, kamar ina jin ta daga ƙarƙashin ruwa. Da tsohon ya ce an gama, sai na ga inuwa ta riga ta tsallake hanya, ni kuwa a zatona ban fi minti goma ba. Washegari Lahadi na dawo, kuma kekena lafiyarsa lau.

Haka kowace Lahadi ta zama tawa. Baba nake ce wa tsohon, shi kuma Malam Akawu yake ce mini, yana jan sunan yadda za ka san tsiya ce. Kayan aikinsa ba su da yawa, kuma duk sun girme ni. Uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kansa, ta kakansa ce, da tamar duwatsunmu aka narka ta. Kanta bai fi tafin hannu ba, yana sheƙi don shan duka. Masabarsa ba ta da ƙota, guntun ƙarfe ne mai kauri, tsakiyarsa ta lotsa saboda riƙo. Ranar da ya fara ba ni ita, yatsuna suka faɗa cikin gurbin yatsun mutanen da suka daɗe a ƙasa. Gawayi kuwa ba ya yarda da kowane sai na ƙirya, wanda wasu mata ke kawo masa daga Miri.

Na shekara ina zuga kafin ya bar ni in ƙera ƙusa. Daga ƙusa na koma basilla, daga nan na yi wani lauje da ya karkace har Baba ya ce a rataye shi a bakin rumfa don ɓarayi su gani su san ba abin ɗauka a nan. Ya kan ce ƙarfe ba takardar ofis ba ne, ba a goge kuskure, sai dai a koma wuta. Ba sana'a na ɗauke ta ba, ban taɓa sayar da ko allura ba. So ne kawai, irin wanda ba ka iya ba da hujjarsa.

Bauchi ta wancan lokaci ba a ɓoye abu a cikinta. Ga tabon ƙuna a hannuna, ga baƙin gawayi a ƙarƙashin farce. Wata rana ina gaishe da Baffa ya juya wajen Goggo.

"A gaya wa wancan, mu ba maƙera ba ne. An sa shi makaranta bai ishe shi ba, sai ya je ya zauna cikin toka."

Goggo ba ta maimaita ba, ta dai sunkuyar da kai. Daga ranar saƙo ya yanke. Ko rufe ƙofar zaure, ƙanena ake aika wa. Da can ina ƙorafin ana yi mini magana ta bakin wani, sai ga shi har wannan na rasa, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma ban daina zuwa maƙera ba. Taurin kai ne da ni, kuma kowa ya san inda na gado shi.

Ana nan matata ta sami ciki. A danginmu duk sunan da za a yi, Baffa ne ke yanka rago da hannunsa, ba ya bar wa kowa. Kuma ba ya wasa da wuƙa. Sai ya bi bakinta da farcen babban yatsa tun daga gindi har tsini, in ya ji giɓi ko kaɗan ya ajiye ta, ya ce ba za a azabtar da dabba a gabansa ba. Tasa wuƙar ta tsufa, wasawa ta cinye ta har ta koma kamar ganyen kaba. Sai na ƙudura a raina cewa ragon sunan ɗana, da wuƙar da na ƙera za a yanka shi.

Ina da wani aboki makanike, mutumin Kudu, mai gareji kusa da tashar mota. Shi ya ba ni falle ɗaya na sifirin babbar mota, ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, ya ce ba ƙarfen da ya kai shi riƙe kaifi. Baba ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne, har da shinshinawa. Duk tsawon ransa ƙarfen gida da tsofaffin garemani yake aiki da su, wannan baƙo ne a wurinsa. Muka raba shi biyu, muka jefa rabi a lungu. Wata uku na yi ina dukan ɗaya rabin, Lahadi bayan Lahadi, yana gardama ina gardama, har ya miƙe ya zama wuƙa mai tsawon kamu ɗaya da rabi. Saura abu guda, a gasa ta a tsoma a ruwa don bakinta ya yi tauri. Wannan Baba ya ce aikinsa ne.

Matata ta sauka a makon bikin 'yancin kai, namiji. Ofis ya ba da hutu. Ranar da gari ya ɗunguma fili kallon yaran makaranta da 'yan ƙananan tutoci, ni da Baba muna cikin rumfa, kiɗa yana zuwa mana daga nesa, iska ta kawo shi ta mayar. Ya gasa wuƙar har ta yi ja, ya yi bisimilla, ya cusa ta cikin kaskon ruwan sanyi kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Cikin ƙarar tururin na ji wani ɗan sauti, ƙas. Da ya ɗago ta, ga tsaga siririya kamar gashi tun daga baki har gadon baya.

Ya daɗe yana riƙe da ita a awartaki. Can ya ce, "Ban san wannan ƙarfen ba, Malam Akawu." Wannan karon bai ja sunan ba.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na tashi ko sallama ban yi masa ba, na hau keke na tafi, abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Saura kwana uku suna.

Washegari na tare makaniken yana fitowa daga coci. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ƙarfe ba ya shan ruwa, mai ne abincinsa. Ruwa yana sanyaya shi da gaggawa, shi ya sa yake fashewa. Ya ce bayan an tsoma a mai, a ɗan ɗumama bayanta a kan garwashi har bakin ya yi launin zuma, sannan a bar ta ta huce. Ya cika mini gwangwani da baƙin man inji. Na koma na durƙusa na ba Baba haƙuri, na faɗa masa. Ya saurara tsaf, amma da ya leƙa gwangwanin sai ya ture shi da ƙafa. Ya ce wuƙar da za a ambaci sunan Allah a kanta ba za ta yi wanka da dattin mota ba, in dai mai ne, a nemo wanda mutum zai iya ci.

Goggo ce ke riƙe da man gyaɗar da aka tanada don suyar naman suna. Na same ta a madafa na yi mata bayani. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin inda aka soya wuƙa kafin a soya rago ba. Tana ta mita tana tsiyaya mini a tulu, har ya kusa cika.

Muka jawo ɗaya rabin daga lungu. Baba ya miƙo mini masaba, shi kuma ya zagaya ya zauna a bayan zugazugi, tsoho mai furfura yana yi wa akawu zuga. Yini ɗaya da rabin nan ban iya tuna su daki-daki. Ina tuna ruwan ƙarshen damina ya ɗan yayyafa a kan rufi ya wuce. Ina tuna ƙarfen ya daina gardama, ko kuwa hannuna ne ya riga ya san hanya. Kiɗan gari yana ta zuwa yana komawa, masaba tana sauka, ni kuma ina ganin fuskar jaririn nan a cikin wuta, wani lokaci ta rikiɗe ta zama ta Baffa. Mu tashi mu yi salla mu dawo.

Ranar jajibirin suna da la'asar ni na tsoma wuƙar a mai da hannuna. Harshen wuta ya tashi a bakin tulun, rumfa ta cika da ƙamshi kamar gidan mai ƙuli-ƙuli. Muka kasa kunne. Shiru. Baba ya goga mata magagari ya ji yana zamewa ba ya kamawa, alamar ta yi tauri, sai ya yi murmushi ya ce ashe da sauran karatu a gabansa. Muka ɗumama ta har ta yi launin da aka ce. Na wasa ta a dutse, na sa mata ƙotar ƙirya a gurguje, na zura ta a kuben da baduku ya ɗinka wa ta farko.

Ba ni da fuskar da zan miƙa wa Baffa, don haka Goggo na ba. Da safe bayan an yi addu'a an raɗa suna an raba goro, aka jawo rago tsakar gida. Ta shimfiɗa masa buzu kamar kullum, ta ajiye tsohuwar wuƙarsa, ta ajiye tawa a gefenta, ta koma ta tsaya. Ni ina riƙe da ƙafafun ragon.

Baffa ya kai hannu ga tasa, sai ya tsaya. Ya ɗauki baƙuwar ya zare. Ya san ko ta wane ce, duk wanda ke wurin ya sani. Ya juya ta a hasken safiya, ya dubi sawun masaba a gadon bayanta. Sannan ya ɗora farce a gindinta ya ja a hankali har tsini, ya sake ja. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji ƙarar ajiye ta a kan buzu. Sai na ji ya yi bisimilla ya yi kabbara. Ja ɗaya ya yi, ragon bai wahala ba.

Aka zuba masa ruwa ya wanke ta da kansa, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar a kube. Ina tsugune taku biyu daga gare shi. Bai dube ni ba. Ya miƙa wa Goggo.

"Ki gaya wa maƙerin ƙotar ta yi wa hannuna kauri. Ya rage ta, ya dawo mini da ita."

Goggo ta juyo ta maimaita mini kalma bayan kalma. Na karɓa da hannu biyu na ce to. Ina da shekara ashirin da bakwai, ga ɗana na fari a ɗaki, amma sai da na zagaya bayan rumbu na yi kuka mai isata, don daɗi ya yi mini yawa. Ran Lahadi na rage ƙotar.