Tambarin da ke Jikin Bindigar Kakanmu

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Dalijan, ni da ƙanena, muka nufi Kalgo. Dalilin tafiyar tsohuwar bindigar kakanmu ce, irin mai ƙarfen nan da ake ja baya kamar sakatar ƙofa. Tun rasuwarsa tana naɗe cikin buhu a rumbu, ana shafa mata mai duk shekara. Bana ƙanena ya shiga 'yan sintirin gari, ya ce zai ɗauke ta, har wani ya yi masa alkawarin harsashi. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, don ba wanda ya taɓa jin ƙararta a cikinmu. Na roƙe shi ya dakata mu tambayi wanda ya sani.

Ba mu ɗauko ta ba, saboda shingayen hanya. Abin da na yi shi ne, na goga alli a jikin ƙarfen da katakon har rubutun da ya dushe ya fito fari, sannan na kwafe shi a littafina na ajin yaƙi da jahilci. Yini guda na yi a kai. Abin da ba harafi ba, na zana shi yadda na gan shi.

A tashar Gwandu muka karya da masa mai zafi da miyar taushe. Masar ta ƙanƙance, kuɗinta kuwa ya girma, kamar kuɗin motar. Direba ya cusa mu huɗu a baya, ga buhun albasa yana tokare mini ƙeya, ƙamshinsa ya raka mu har Birnin Kebbi. Hanyar da sauƙi, sai wasu ramuka da direban ya san su kamar gidan surukansa. Gero ya fitar da kai dama da hagu, mata na tafe da ƙoren nono. A Birni muka sauya mota, kafin hantsi ya dubi ludayi mun sauka Kalgo, inda fadamar shinkafa ta yi kore shar.

Wanda muka je wurinsa tsohon soja ne, mutumin Zuru, da ya yi aikinsa a ma'ajiyar makamai. Mun same shi gindin darbejiya yana gyaran rediyo. Bayan gaisuwa matarsa ta kawo mana kunun zaƙi, na miƙa masa littafin. Ya sa tabarau ya bi zanen da yatsa, a hankali.

Kambin da na zana da haruffan G da R, ya ce alamar sarkin Ingila ne na lokacin. Lambobi huɗun da ke ƙasa shekarar ƙira ce, tun ba a haifi mahaifinmu ba. Wanda na ɗauka sawun kaza ne, ashe kan kibiya ne, shaidar kayan gwamnati. Ƙanena sai washe baki yake. Da Baba, wato tsohon sojan, ya gwada lambar sakatar da ta jikin bindigar ya ga sun bambanta, sai ya ɗan tsuke fuska. Ya juya shafi, ya tsaya a kan manyan haruffa biyu, D da P.

"Malam, wagga ka gan ta da idonka?"

"Awo, Baba. Wuri biyu ma, ƙarfe da katako."

"To, ta fareti ce. In bindiga ta gaji, sai a buga mata wannan, a ba kurata su koyi saɓawa da sara wa manya. Ba a harbi da ita."

Ƙanena ya ce, "Baba, an ce kakanmu ya kashe kura da ita fa."

"Sai dai in da gindinta ya kwaɗa mata! Ɗana, ka sa mata harsashi, ƙarfen nan na iya dawowa ya same ka a ido. Na taɓa ganin wanda ya gwada."

Ƙanena ya shafa fuskarsa. Baba ya ba mu shawara mu miƙa ta ga hukuma ta hannun hakimi, ya rako mu har bakin titi.

A kasuwar Kalgo na sayi bandar kifi tsarabar gida. Da muka shiga mota muka wuce Birni, sai ƙanena ya karɓi littafin ya ce in nuna masa wanne ne D, wanne ne P.

Mun iso gida bayan la'asar. Washegari shi da kansa ya saɓa buhun, muka kai wa hakimi, ya koma sintirinsa da gora da tocila. Tafiyar ta koya mini cewa kayan gado ma a tambaye su kafin a yi aiki da su. Shekara da shekaru gargaɗin yana rubuce a rumbunmu, mai kawai muke shafa masa.