Tarin Kawu a Gaban Zomo

Jiya ina gyara garejinmu na garin Gaithersburg na ci karo da jakar goyon marigayi Kawu, ƙanin mahaifiyata. 'Yar bindigarsa mai cin harsashi ɗaya tana ciki a ninke, har yanzu da ƙamshin man da yake goge ta da shi.

Ni dai ban taɓa yarda da farautar Kawu ba. Duk zomon da ya kawo a feɗe yake, da sanyin firji a jikinsa, babu ko hudar harsashi. In na yi magana sai ya ce, "Ke dai ci, 'yata."

Wata Asabar na nace na bi shi daji. Muka tarar da zomo yana tauna ciyawa. Kawu ya warware bindigar, ya saita, ya yi bisimilla, sai ya saki wani uban tari. Zomo ya arce.

"Kawu, da gangan ka yi!"

"Mura ce," in ji shi. Amma har muka dawo ko atishawa bai yi ba.

Har ya rasu bai amsa laifinsa ba, ni ma ban janye zargina ba. Allah Ya tausaya masa yadda ya tausaya wa zomon nan.