Lilon da Ke Bayan Masallaci

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin matata, na yanke shawarar mayar da yaran gida wurin mahaifiyata. Ni direba ne a wani sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu a nan Riyad, ina fita bayan asuba, ba na dawowa sai magariba. Babu mai riƙe mini yarinya 'yar shekara bakwai da ƙanenta ɗan shekara huɗu. Na sayi tikitin jirgi. Juma'a uku suka rage mana, kuma ranar Juma'a kaɗai nake hutu.

Da na gaya musu, babbar ba ta yi kuka ba. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake ce mata. Ta dube ni ta ce, rabi da Larabci rabi da Hausa, "Baba, kafin mu tafi ka kai mu hadiƙar Umma." Hadiƙa ake ce wa wurin wasan yara a nan.

Na ce, "In sha Allahu."

Ta ce, "A'a. In ka ce haka ba a zuwa."

Sai na ce na yi alkawari.

Ban ɗauka abin zai yi wuya ba. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a Riyad, babu gadar da ban hau ba. Abin da ban sani ba shi ne inda uwarsu take kai su. Idan na dawo da dare takan ce, "Yau mun je hadiƙa," ni kuma in ce madalla, in ja kwanon tuwo. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar wacce ba.

Juma'ar farko bayan la'asar na buɗe taswira a waya. Unguwarmu a gefen gari take, gidaje masu launin ƙasa jere da juna, kuma kusan kowane lungu da nasa koren tabon a taswirar. Na zaɓi mafi girma. Akwai ciyawa da bishiyoyin dabino, lilo har jeri biyu, ƙasan ma an shimfiɗa roba don kada yaro ya ji ciwo. Ƙaramin ya yi tsalle ya ce ita ce. Yayarsa ko sauka daga mota ba ta yi ba. Daga ciki ta leƙo ta ce masa:

"Ba ita ba ce. Kai kuma maƙaryaci, ko'ina ka ga lilo sai ka ce ita ce."

Na tambaye ta yadda wurin yake. Ta ce lilo uku ne, ɗaya ya tsinke. Akwai kyanwa mai ido ɗaya. Akwai ruwan sanyi. Na rasa yadda zan rubuta wannan a waya.

Mun zaga wurare huɗu a ranar. A kowace mahaɗa ina tambaya, dama ko hagu? Ta manna fuska a gilashi ta daɗe, sannan ta ce, "Ban sani ba, Baba, motarka tana gudu." Na rage gudu har na bayana suka cika ni da oda. Duk da haka ba ta gane komai ba.

A wurin aiki na ba wani abokina Bakatsine labari. Ya ce, "Haba malam, yara ne fa. Ka kai su kowacce, ka ce an yi mata fenti." Juma'a ta biyu na gwada hakan. Na ce hukuma ta gyara wurin, ta sa sabon lilo. Mamana ta dube ni irin kallon da uwarta take yi mini idan na ce na ci abinci alhali ban ci ba. Muka koma gida. Na ji kunya ƙwarai, kuma na fara tunanin ko wurin a ranta kawai yake.

Ana saura kwana biyu Juma'ar ƙarshe, ina haɗa kayan marigayiya don a rabar, na ɗauko takalmanta daga bayan ƙofa. Na juya su. Dunduniyar ta cinye har ta kusa hujewa, ga yashi a maƙale. Na zauna da su a hannu. Ni duk zatona tasi take kira, don a garin nan ban san wanda ke zuwa wani wuri da ƙafa ba, balle ni da ko burodi zan saya sai na tayar da mota. Ashe tafiya take yi, da yaro ɗaya a hannu ɗaya a kafaɗa.

Ranar Juma'a na bar makullin mota a kan tebur. Na ce, "Mamana, shige gaba."

Tun daga ƙofar gida ta karya hagu ba tare da ta yi tunani ba. Ta bi ta wani siririn lungu tsakanin katangu biyu, wanda mota ba ta shiga, wanda na wuce shi sau dubu ban gani ba. Muka ɓulla gaban wani ƙaramin kanti, muka tsallaka titi, muka kewaya wani masallaci mai na'urar ruwan sanyi a jikin bango. Ta tsaya ta sha, ta ba ƙanenta. A bayan masallacin akwai ɗan fili mai yashi, bai kai rabin wurin ajiye motocin sitonmu ba. Lilo uku, ɗaya ya tsinke.

Mata huɗu suna zaune a kan darduma da butar shayi. Na tsaya nesa kamar yadda ya dace. Yarinyar ta ruga wurinsu, suka rungume ta suna ta magana lokaci guda. Na ji suna tambayar uwarta, suna kiran ta da sunan ɗanmu, wato uwar wane, yadda ake yi a nan. Ban ji amsar da ta ba su ba. Na dai ga ɗaya ta kai hannu baki.

Wata dattijuwa 'yar Sudan ta taso, ta zo rabin hanya ta tsaya. Ta yi mini ta'aziyya, rabin maganar kawai na fahimta. Ta ce sun zaci mun tashi daga unguwar. Sannan ta aiko yarinyar da wani kwano a leda. Kwanonmu ne, mai murfi, wanda na yi ta nema a kicin. Ta ce marigayiya ta kawo musu ɗanwake a ciki, ita kuma dattijuwar tun lokacin kullum sai ta zo da shi ko za ta gan ta. Na buɗe. Dabino ne cike, don ba a mayar da kwano wayam.

Ban san tana da ƙawaye ba. Ban san tana yi wa kowa ɗanwake ba. Na tsaya da kwanon a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

"Baba, zo ka tura ni!"

Na ajiye shi a kan yashi na je. Na tura ta a hankali.

Ta ce, "Ba haka Umma take yi ba. Da ƙarfi."

Na ƙara ƙarfi. Ta ce har yanzu ba haka ba ne, amma ba ta sauka ba sai da aka kira magariba.