Ranar da Kaka Ta Ci Gwate a Tsaye

Asabar ɗin da ta biyo bayan bikin Ista, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na bi Babana zuwa shagon Baba Okeke a bayan tashar jirgin Kafanchan, ina goye da ƙanena Ayuba. Watansa goma sha huɗu a duniya, amma bokitin da nake ɗebo ruwa da shi ya fi shi nauyi. Wata guda ke nan ya rufe baki ya ƙi abinci, kuma ɗura ce ta jawo. Kakarmu, wadda ta baro Manchok ta zo zama da mu, ita ke ba shi kunun tamba yadda ta ba 'ya'yanta bakwai: ta kwantar da shi a cinya, ta tara kunu a tafin hannu a bakinsa, ta toshe masa hanci sai ya haɗiye. Wata safiya kunun ya sarƙe shi, idanunsa suka juye, ya yi tsit, Mama ta ƙwalla ihu tana kiran sunan Yesu. Numfashi ya dawo, amma daga ranar ko cokali ya gani sai ya datse baki yana karkarwa. Nono kaɗai yake karɓa, shi ma ya soma ƙafewa. Nas ɗin asibiti ba ta ɓoye wa Baba ba: in yaron nan bai fara ci ba kafin damina ta kankama, zazzaɓi ɗaya ya isa ya ɗauke shi. Ta ce a daina yi masa dole, a zaunar da shi ya riƙa ganin mutane suna ci.

Baba Okeke tsohon kafintan reluwe ne, mutumin kudu da ya tsufa a garinmu. A shagonsa na fara ganin kujerar jarirai, har guda uku a jere, na saki baki. Kai! Ashe akwai kujerar da aka yi wa jariri shi kaɗai, tsayinta ya kai haɓata, da ɗan tebur ɗinta a gaba, da wurin ɗora ƙafa! Ni mai shuɗin fenti ta tafi da hankalina, na ce wa Babana ita za mu ɗauka. Baba Okeke ya yi dariya, ya ɗauko rabin buhun busasshiyar citta ya ɗora mata, ya ce in tura. Ina turawa ta karkata, saura ƙiris ta kife. Ta biyu mai naɗewa ce, ta datse mini yatsa na yi tsalle. Ta uku ba fenti ba ado, katakon maɗaci ne zalla, ƙafafunta a warwatse, na tura da ƙarfina duka ko gezau. "Yaro ba ya zama shiru," in ji shi da Hausarsa ta mutanen reluwe. "Kujera mai kyau, shi yana buɗe ƙafa." Ya nuna mana sandar da ke shiga tsakanin cinyoyin yaro don kada ya zame ta ƙasa. Babana ya bi ko'ina da tafin hannu yana neman sartse, bai samu ba. Ya ɗora ta a ka, yaran unguwa suka bi mu ɗuu har ƙofar gida.

Sai da muka sauke ta muka ga wautarmu. Gidanmu ba tebur! Mu a tsakar gida muke ci, ƙarƙashin mangwaro, wasu a tabarma wasu a kujerun tsuguno. Aka ɗora Ayuba can sama shi kaɗai kamar fasto a kan bagade, mu duka muna ƙasa, ƙeyoyinmu kawai yake gani. Ya duba hagu ya duba dama, ya fashe da kuka. Kaka ta taɓe baki. "Jika a sama, kaka a ƙasa. Duniya ta juye." Ta juya mana baya. Tun ranar da ya sarƙe ba ta sake taɓa shi ba, sai dai in na wuce da shi ta bi mu da ido. Kwana uku muna ɗora shi yana kuka muna saukewa. Matan zumuntar cocinmu suka zo suka yi addu'a, suka shafa kujerar suna yaba aikin, suka tafi. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don kullum in na ɗaure zani ina jin goyon yana ƙara sauƙi.

Rana ta huɗu da la'asar, bayan mun dawo daga sharar gona, Mama ta yi gwaten acca da yakuwa da gyaɗa. An ɗora Ayuba, ya soma kukansa. Sai na ga Kaka ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ɗauki kwanonta, ta taka a hankali, ta ajiye shi a kan ɗan teburin Ayuba, ta sa hannu ta fara ci a tsaye. Tabɗijam! Matar da ko ɗan rogo ta gan ka kana ci a tsaye sai ka sha ranƙwashi, tana cewa, "Akuya ce ke ci a tsaye." Ba ta dube shi ba, ba ta miƙa masa ba. Ci kawai take tana suɗe yatsu, idonta a kan mangwaro.

Kukan ya ragu, ya tsaya. Ayuba ya bi hannunta da ido daga kwano zuwa baki, daga baki zuwa kwano. Can sai ya miƙa ɗan siririn hannunsa ya tsoma a gwaten. Ya shafa a kunne. Ya sake tsomawa, ya shafa a kumatu. Na uku ya shiga baki, muka ga maƙogwaronsa ya motsa. Baba ya cire hularsa. Mama ta toshe baki da gefen zani. Tsigar jikina ta tashi, ban taɓa jin haka ba ko a coci. Hawaye na gangaro wa Kaka suna ɗiga cikin kwanon, amma ta ƙi waiwayawa, ta ci gaba da ci don kada ya firgita. Daga ranar har aka tone citta, safe da rana da yamma, tsohuwar nan da ciwon gwiwarta a tsaye ta ci abinci.

Yau Ayuba ƙato ne, malamin makaranta a Gwantu, kwano biyu ba ya isarsa. Watan jiya ya roƙe ni in raka shi mu zaɓar wa 'yarsa kujera. Na roba ne cike da shago, masu bel, masu taya, har da mai kiɗa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina turawa, yarinyar shagon tana cewa, "Mami, za ki fasa mana kaya fa!" Na zaɓi mai buɗaɗɗun ƙafafu. A gidansa akwai tebur babba, komai ya yi daidai. Kaka kuwa ta daɗe da kwanta dama, kabarinta na Manchok.

Da aka kawo abinci aka ɗora yarinyar, na ɗauki kwanona na ajiye a gabanta, na tsaya. Ayuba ya ce, "Yaya, ga kujera, zauna mana." Na ce ya ƙyale ni. Shi bai san komai ba, ni ce na gani da idona.